Korayen riguna na watan Maris: me ya haɗa masu kallon wasanni da ranar Waliyyi Patrick?

Duk shekara idan watan Maris ya kai tsakiya sai hotuna iri ɗaya su cika wayoyinmu. Ga kogin birnin Chicago ya koma kore shar kamar an jiƙa kuka a cikinsa. Ga ƙungiyoyin ƙwallon kwando da na hokin ƙanƙara a Amurka da Kanada sun ajiye rigunansu na kullum sun sako koraye. Ga dubban mutane a filin tseren dawaki a Ingila suna kaɗa tuta mai launin kore da fari da ruwan lemo. Sai tambayoyi su biyo baya a gidajen kallon ƙwallo da zaurukan hira na waya. Wani ya ce ranar samun 'yancin kan ƙasar Ayalan ce. Wani ya ce bikin mashaya ne kawai. Na taɓa jin wanda ya rantse cewa tutar Kwaddibuwa ce magoya bayan Celtic suke ɗagawa, kuma ba a ga laifinsa ba, don launukan ɗaya ne, jerinsu ne ya bambanta: ta Ayalan kore ne a jikin sanda, ta Kwaddibuwa ruwan lemo ne.

Tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce: ta yaya ranar tunawa da wani malamin addinin Kirista da ya rasu fiye da shekara 1,500 da suka wuce ta zama ranar da filayen wasa suke rinewa da kore, har a ƙasashen da ba su haɗa iyaka da Ayalan ba?

Wane ne Patrick, kuma ranar mece ce?

Ranar 17 ga Maris ba ta da alaƙa da 'yancin kai. Rana ce da cocin Katolika ta keɓe don tunawa da rasuwar Patrick, wanda mutanen Ayalan suke ɗauka a matsayin waliyyin ƙasarsu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shi kansa ba haifaffen Ayalan ba ne. A tsibirin Birtaniya aka haife shi, a ƙarshen zamanin mulkin Rumawa. Yana ɗan shekara 16 mahara suka kama shi suka ƙetare da shi Ayalan a matsayin bawa, ya yi shekara shida yana kiwo, ya gudu ya koma gida, daga baya kuma ya komo ƙasar da aka bautar da shi yana wa'azi. Wannan duk a ƙarni na 5 ne. Ganyen nan mai kunne uku da ake gani a jikin riguna da huluna, wanda suke kira shamrok, labarin baka ya ce da shi ya riƙa yi wa mutane misalin aƙidar Kirista ta uku cikin ɗaya.

A da ma launin shuɗi aka fi dangantawa da shi. Kore ya samu gindin zama ne ta hanyar siyasa, musamman tun tawayen 1798 da aka yi wa mulkin Birtaniya. Ruwan lemon da ke tutar kuwa na Furotesta ne, magoya bayan Sarki William wanda ya yi nasara a yaƙin Boyne a 1690, farin da ke tsakiya kuma fatan zaman lafiya ne tsakanin ɓangarorin biyu. Duk wanda ya riƙe ma'anar waɗannan launuka uku ya riƙe rabin bayanin da zai biyo baya.

A cikin Ayalan kanta ranar ta daɗe tana rana ce ta zuwa coci da cin abinci da iyali. Sai a 1903 ta zama ranar hutu a hukumance, kuma daga 1927 doka ta rufe mashaya a wannan rana, aka yi fiye da shekara 30 a haka. Babban faretin da duniya ta sani, da ganguna da algaitun jaka da jerin gwano, a ƙetare ya girma. An yi bikin a Boston tun 1737, faretin New York kuma ana ƙirga shi daga 1762. Gwamnatin Ayalan sai a tsakiyar shekarun 1990 ta shirya gagarumin biki na kwanaki a Dublin, bayan ta ga yadda 'ya'yanta na waje suka mayar da ranar abin kallo.

Najeriya ma tana da rabonta a labarin. Limaman Katolika daga Ayalan sun yi aikin mishan da makarantu da asibitoci a sassa da dama na ƙasar, kuma tun 1961 Katolikan Najeriya suke ɗaukar Patrick a matsayin waliyyinsu. Shi ya sa makarantu da coci-coci masu sunansa suka yi yawa.

Yunwar da ta watsa mutane

Ba za a gane wannan biki ba sai an koma ga dankalin Turawa, wannan da ake nomawa a Filato, wanda har yau a kasuwanninmu ake kiransa da sunan Ayalan ɗin. A farkon ƙarni na 19 talakan ƙasar da shi ya dogara, safe da rana da dare. Mafi yawan ƙasar noma tana hannun manyan masu gonaki, da dama daga cikinsu a Ingila suke zaune, manomi kuwa ɗan haya ne, yana noma hatsi ya biya kuɗin gona, ya rayu da ɗan dankalin da ya shuka a gefe. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, a tono shi a tarar ya ruɓe ya yi baƙi. Ta sake dawowa shekara bayan shekara har wajen 1852.

Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke bin ta. Fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Abin da ya fi yi wa mutanen ciwo, kuma suka gadar wa jikokinsu, shi ne a cikin waɗannan shekaru jirage ba su daina lodin hatsi da dabbobi daga tashoshin ruwan Ayalan zuwa Ingila ba, kuma an riƙa rushe gidajen waɗanda suka kasa biyan haya. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Yau, bayan fiye da shekara 180, kudu da arewa a haɗe ba su wuce miliyan 7 da 'yan kai ba. A Amurka kuwa mutum sama da miliyan 30 ne suke cewa suna da tsatson Ayalan.

Waɗanda suka tsira suka sauka a Liverpool da Glasgow da Boston da New York, ba su tarar da maraba ba. Matalauta ne, Katolika ne a garuruwan Furotesta, wasunsu ko Turanci ba sa ji sai harshensu na gado. Su ne 'yan dako a tashar jirage, su ne masu haƙar kwal da hanyoyin jirgin ƙasa, matansu kuma 'yan aikatau. Akwai tallan neman ma'aikata da ake rubutawa ƙarara cewa kada ɗan Ayalan ya nema. Jaridu suna zana su da fuskar biri, da kwalba a hannu. Mutumin da aka rufe wa ƙofofi haka, wurare biyu suka rage masa da zai ɗaga kai: coci da filin wasa.

Celtic: ƙungiyar da aka kafa don tukunyar abinci

A nan ne labarin ya fi taɓa ni. A ranar 6 ga Nuwamba 1887 aka yi taro a zauren cocin St Mary da ke unguwar Calton a gabashin Glasgow. Wanda ya kira taron wani malamin makaranta ne ɗan ɗarikar Marist, ana kiransa Brother Walfrid, haifaffen gundumar Sligo, wanda yana ƙaramin yaro aka yi yunwar. Yaran da yake koyarwa da yawa da yunwa suke zuwa aji. Ya ga yadda mutane suke biyan kuɗi su kalli ƙwallo, ya kuma ga abin da 'yan Ayalan na Edinburgh suka yi da ƙungiyarsu ta Hibernian tun 1875, sai ya ce a kafa ƙungiya, kuɗin ƙofa ya tafi ga ciyar da yaran talakawa. Sunan Celtic da ya zaɓa yana nuni ne ga tushen da mutanen Ayalan da na Scotland suka haɗa. Wasansu na farko, ranar 28 ga Mayu 1888, da Rangers suka buga, suka ci 5 da 2.

Don haka amsar tambayar da ake yawan yi, wato ko Celtic ƙungiyar Ayalan ce, ita ce: Celtic ƙungiyar Scotland ce, a gasar Scotland take wasa, amma baƙin haure 'yan Ayalan ne suka haife ta, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Lokacin da suka koma sabon filinsu a 1892 an kawo ɓangaren ciyawa daga gundumar Donegal aka dasa a tsakiyar fili. A 1952 hukumar ƙwallon Scotland ta matsa musu su sauke tutar Ayalan daga saman filin, suka ƙi, kuma tana nan har gobe. Mutum-mutumin Walfrid yana zaune a bakin ƙofar shiga, magoya baya suna rataya masa gyale kafin su wuce.

Babbar ranarsu ita ce 25 ga Mayu 1967 a Lisbon, inda suka doke Inter Milan da ci 2 da 1 suka zama ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta ɗauki kofin Turai. Duka 'yan wasa 11 an haife su ne a cikin tazarar mil 30 daga filin ƙungiyar. Kocinsu Jock Stein kuwa Furotesta ne, tsohon mai haƙar kwal, kuma magoya bayan Celtic suna yawan kafa hujja da shi idan aka ce ƙungiyarsu ta Katolika ce zalla.

Masu kallo a arewacin Najeriya suna da nasu abin tunawa. Daren 7 ga Nuwamba 2012, kwana ɗaya bayan ƙungiyar ta cika shekara 125, Barcelona ta Messi da Xavi da Iniesta ta je Glasgow. Kafin a take wasa 'yan kallo suka ɗaga kwalaye koraye da farare, filin gaba ɗaya ya zama zane guda. Victor Wanyama ɗan Kenya ya sa kai ya ci ta farko, wani matashi ɗan shekara 18, Tony Watt, ya ƙara ta biyu, Messi ya farke ɗaya a ƙurarren lokaci. A tsakiyar masu tsaron bayan Celtic a wannan dare akwai Efe Ambrose, yaron Kaduna. Daga baya ya koma Hibernian, wato duka manyan ƙungiyoyin biyu da 'yan Ayalan suka kafa a Scotland ya sa musu riga.

Wannan tarihi ne kuma yake bayyana abin da ya ba mutane da dama mamaki a nan gida: tutocin Falasɗinu a filin Celtic. A 2016, a wasansu da Hapoel Be'er Sheva ta Isra'ila, wani rukunin magoya baya da ake kira Green Brigade ya ɗaga tutocin, hukumar UEFA ta ci ƙungiyar tara. Magoya bayan suka buɗe asusu, suka tara fiye da fam 170,000 suka ba ƙungiyoyin agaji masu aiki da Falasɗinawa. Su a ganinsu jikokin waɗanda aka ƙwace wa gonaki aka kora daga gidajensu ne, don haka sun san ciwon. Shugabannin ƙungiyar sun sha saɓawa da su a kan haka, wasu magoya bayan ma suna ganin siyasar ta yi yawa.

Amurka, inda bikin ya zama kasuwa

A Amurka labarin ya ɗauki wata hanya, domin a can 'yan Ayalan sun yi nasara. Daga dako suka shiga aikin 'yan sanda da kashe gobara, suka kama siyasar birane, har tattaɓa-kunnen waɗanda yunwa ta koro, John F. Kennedy, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1960. Asalin da a da ake ɓoyewa ya zama abin tinƙaho, abin tinƙaho kuma ya zama abin sayarwa.

Boston Celtics ta ƙwallon kwando, wadda ta ɗauki kofin NBA sau 18, an kafa ta a 1946, kuma mai ita Walter Brown ya zaɓi sunan ne da launin kore saboda yawan 'yan Ayalan a birnin. Babu labarin ciyar da yara a nan, lissafin mai neman 'yan kallo ne. Duk da haka ƙungiyar ta yi abin a yaba: ita ta fara zaɓar Baƙar fata a zaɓen sabbin 'yan wasa a 1950, ita kuma ta fara naɗa Baƙar fata koci a 1966, wato Bill Russell, wanda ya ci mata kofi 11. Russell ɗin ya sha wariyar launin fata a birnin da yake ci wa kofuna, har an taɓa fasa gidansa aka yi masa ɓarna. Jikokin waɗanda aka wulaƙanta jiya suna cikin waɗanda suka wulaƙanta wasu, kuma wannan ma ɓangare ne na tarihin da bai kamata a tsallake ba.

Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana, wadda wani fada Bafaranshe ya kafa a 1842, ana yi wa 'yan wasanta laƙabi da 'yan Ayalan mafaɗata. Kalmar ta samo asali ne daga gori, suka karɓe ta suka mayar da ita kirari. A 1924 ɗalibanta sun yi arangama da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ƙin jinin Baƙaƙe da Katolika, a kan titunan garin South Bend. Ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar ta je ta buga wasa a Dublin a 1996 da 2012 da 2023, dubban Amurkawa suka bi ta, da yawansu karon farko ke nan da suka taka ƙasar kakanninsu.

Sauran kuwa saye da sayarwa ne. Cincinnati Reds ta wasan besbol ta fito da koriyar riga a wasan share fage ranar 17 ga Maris 1978, wasu suka kwaikwaya, yau kusan kowace ƙungiya tana da hula ko riga ta musamman ta wannan mako. Toronto Maple Leafs ta hokin ƙanƙara tana da hujja, don daga 1919 zuwa 1927 sunanta St Pats ne, wato sunan Waliyyi Patrick. Da yawa ba su da wata alaƙa da Ayalan illa sun ga ana ciniki. Kogin Chicago ma ƙungiyar masu aikin famfo ce take rina shi tun 1962.

A gida kuwa wasa yana da wani nauyi dabam

Wanda yake son ganin gadon Ayalan a filin wasa ba tare da ado ba, ya dubi ƙungiyar GAA. An kafa ta ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, don raya wasannin gargajiya da wasannin Ingila suke neman shafewa. Manyan wasanninta biyu ne. Akwai ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ake haɗa hannu da ƙafa. Akwai kuma halin, ɗan'uwan ƙwallon gora, mutum 15 a kowane ɓangare, kowa da sandar icce mai faɗin baki, ana cafe ƙwallon a sama da tafin hannu, a ɗora ta a bakin sanda a ruga da ita, a maka ta tun daga tsakiyar fili. In ta shiga raga maki uku, in ta bi ta saman sanda maki ɗaya.

Abin mamaki shi ne babu ɗan wasan da ake biya albashi. Filin Croke Park na Dublin yana cin mutum 82,300, yakan cika maƙil a wasan ƙarshe, amma waɗanda ake kallo malaman makaranta ne da manoma da ma'aikatan banki, ranar aiki kowa ya koma bakin sana'arsa. Ba a sayen ɗan wasa, kowa ƙauyensu ko unguwarsu yake wa wasa. Shekaru da dama a ranar 17 ga Maris ake buga wasan ƙarshe na ƙungiyoyin ƙauyuka a Croke Park, sai ka ga gari guda ya kulle shaguna ya hau mota zuwa Dublin. A 2020 aka mayar da shi watan Janairu don gyaran jadawali, kuma har yanzu akwai masu kewar tsohuwar ranar.

Filin nan yana da jini a tarihinsa. Ranar 21 ga Nuwamba 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, mayaƙan Ayalan suka kashe jami'an leƙen asirin Birtaniya da safe. Da rana jami'an tsaro suka shiga Croke Park ana wasa tsakanin Dublin da Tipperary suka buɗe wuta. Mutum 14 suka mutu, cikinsu da yara 'yan makaranta uku, da wata budurwa da ya rage 'yan kwanaki a ɗaura mata aure, da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan, wanda har yau ɗaya daga cikin rumfunan filin take ɗauke da sunansa. Saboda irin wannan ne GAA ta daɗe tana haramta wa mambobinta buga ko kallon wasannin Ingila, har ta cire shugaban ƙasa Douglas Hyde daga matsayin uban ƙungiya a 1938 don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa. Sai a 1971 aka soke dokar.

Shi ya sa ranar 24 ga Fabrairu 2007 ta girgiza mutane. Ingila ta zo buga zari-ruga a wannan fili, aka yi ta fargabar abin da zai faru idan aka kaɗa takenta. Aka kaɗa, mutane suka tsaya cikin ladabi har aka gama, suka tafa. Da aka zo taken Ayalan, ƙartin 'yan wasa suna rerawa hawaye na zuba. Ayalan ta ci 43 da 13. A zari-ruga tsibirin gaba ɗaya ƙungiya ɗaya yake da ita, kudu da arewa, saɓanin ƙwallon ƙafa da aka raba biyu bayan raba ƙasar a 1921. Gasar ƙasashe shida ta Turai kuma a tsakiyar Maris take ƙarewa, shi ya sa a 2018 Ayalan ta lashe duka wasanninta, ta kammala da doke Ingila a Landan ranar 17 ga Maris daidai. A makon ne kuma ake tseren dawaki na Cheltenham, inda dubban 'yan Ayalan suke ƙetarawa su ga dawakinsu sun tsere wa na Ingila.

Inda ake saɓani

Ƙorafi na farko daga cikin gida yake fitowa. Mutanen Ayalan da yawa suna jin haushin gajeren aljanin nan mai jan gemu da koriyar hula da ake zanawa a matsayin alamar Ayalan, wanda ya dunƙule hannu zai yi dambe. Suna cewa zanen gorin ƙarni na 19 ne aka yi wa kwalliya. Suna da ma laƙabin da suke yi wa wanda bai san komai game da ƙasar ba sai sa kore sau ɗaya a shekara, suna ce masa ɗan Ayalan na roba. Na waje kuma suna mayar da martani cewa kakanninsu ba don daɗi suka tafi ba, kuma kuɗin da suka riƙa aikowa gida ne ya riƙe iyalai da yawa. Ina ganin na wajen suna da gaskiya a nan. Wanda aka haifa a Glasgow ko Boston, ya tashi ana zaginsa da asalin kakansa, ba za a ce masa ba shi da haƙƙi a kan wannan asali ba. GAA da kanta ta amince da haka tun 1947, lokacin da ta kai wasan ƙarshe na ƙasa birnin New York don cika shekara 100 da mafi munin shekarun yunwa.

Na biyu shi ne giya. Ba a musun cewa ana shan ta fiye da ƙima a wannan rana, kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi don haɗa sunansu da bikin, 'yan sanda da asibitoci kuma su ne suke kwana a tsaye. Haka caca take cin aljihun mutane a makon Cheltenham. Amma ɗaukar shaye-shaye a matsayin al'adar Ayalan rashin adalci ne ga ƙasar da wani fada, Theobald Mathew, ya fara gangamin ƙauracewa giya a Cork a 1838 har miliyoyin mutane suka yi alkawari a hannunsa.

Na uku ya fi kowanne muni, wato ƙiyayyar ɗarika. Rangers ta zama ƙungiyar Furotesta masu goyon bayan sarautar Birtaniya, ta yi shekaru da dama ba ta ɗaukar fitaccen ɗan wasa Katolika, sai a 1989 da ta sayi Mo Johnston, wasu magoya bayanta suka ƙona gyalensu don fushi. Rikicin Arewacin Ayalan, wanda ya ci rayuka kimanin 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, ya riƙa amsa-kuwwa a rumfunan Glasgow. Wasu magoya bayan Rangers suna waƙar cewa yunwa ta ƙare, baƙi su koma gida, wadda kotun Scotland ta ce wariyar ƙabila ce. Wasu na Celtic kuma suna waƙar yabon IRA, ƙungiyar mayaƙa masu neman raba Arewacin Ayalan da Birtaniya, wadda bama-bamanta suka kashe fararen hula. A 1995 an kashe wani yaro ɗan shekara 16 a kan titin Glasgow yana dawowa daga kallon wasa, don kawai kayan Celtic ne a jikinsa. Majalisar Scotland ta yi doka a 2012 kan waƙoƙin ɓatanci a filin ƙwallo, aka soke ta a 2018 bayan ƙorafin cewa ta mayar da 'yan kallo masu laifi. Babu ɓangaren da zai ce hannunsa a wanke yake.

Akwai kuma fuskar da ta sa duniya take son waɗannan magoya baya. A gasar Turai ta 2012, a birnin Gdansk, Sifaniya tana cin Ayalan 4 da nema, saura mintuna a tashi, sai dubban 'yan kallo suka ɗauki waƙar The Fields of Athenry, wadda take ba da labarin mutumin da ya saci hatsi don 'ya'yansa a lokacin yunwa aka kore shi zuwa Ostireliya. Suka yi ta rerawa har bayan busan ƙarshe. A 2016 kuma birnin Paris ya ba magoya bayan kudu da na arewa lambar girmamawa saboda kyawun halinsu a gasar.

Su wa za su sa koriyar riga gobe?

Ƙasar da ta yi shekara fiye da 100 tana fitar da mutane yanzu ita ake shiga. Chiedozie Ogbene, wanda aka haifa a Legas ya tashi a Cork, ya fara da ƙwallon GAA a unguwarsu kafin a 2021 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jamhuriyar Ayalan. Adam Idah, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya sa rigar ƙasar ya kuma sa ta Celtic. Rhasidat Adeleke, 'yar Dublin da iyayenta 'yan Najeriya ne, tana cikin fitattun masu tseren mita 400 a duniya. Mafi yawan 'yan kallo sun rungume su, amma ita Adeleke ta sha zagi a intanet daga masu cewa ba 'yar ƙasa ba ce, har shugabannin gwamnati suka fito suka kare ta.

Ga iyalan da suka yi ƙaura zuwa can, wannan ba zancen nishaɗi ba ne. Ƙungiyar GAA ta unguwa ita ce sau da yawa ƙofar farko da yaro baƙo yake shiga ya yi abokai, iyayensa su san maƙwabta a bakin fili. A garin Ballyhaunis na gundumar Mayo, inda aka gina masallaci tun shekarun 1980 saboda Musulmi ma'aikatan mahauta, ƙungiyar garin takan shirya rana ta musamman ta gayyato yaran baƙi da na masu neman mafaka, a miƙa wa kowa sandar halin a koya masa yadda ake ɗaga ƙwallo daga ƙasa.